Taswirar yaƙin Yukren: wacce za a yarda da ita, kuma me ya hana layin motsawa?

Abba_Fagge

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masanan zauren nan, guda biyu ce. Ta farko: ƙauye ɗaya ne, amma a wata taswirar ja ne, a wata shuɗi, a ta uku kuma toka-toka. Ma'aikatar tsaron Rasha ta ce ta kama, Kyiv ta ce ana kan fafatawa. Wa za a yarda da shi? Ta biyu: Rasha ta fi Yukren yawan sojoji da tankoki da jiragen yaƙi. To me ya sa daga Avdiivka da ta faɗi a Fabrairun 2024 zuwa Pokrovsk, tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba, aka ɗauki fiye da shekara ɗaya da rabi? Ko dai ƙarfin a baki ne kawai?

Malam_Taswira

Wa alaikumus salam, Malam Abba. Sai ka fara sanin mai zana kowace taswira. DeepState 'yan Yukren ne, suna da alaƙa da sojojin da ke bakin daga, saboda haka sukan riga kowa sanin inda aka ja da baya, amma idan nasu ne suka matsa gaba sukan jinkirta zanawa da gangan don kada su tona asiri. Rybar tasha ce ta Telegram ta ɓangaren Rasha, wanda ya kafa ta tsohon ma'aikacin sashen yaɗa labarai ne na ma'aikatar tsaronsu. Tana yawan riga malam masallaci wajen shafa jan launi. ISW kuma cibiyar nazari ce a Washington, ba ta da mutum a ramin daga, da bidiyon da aka gano wurin ɗaukarsa take aiki, kuma tana raba launi biyu: abin da ta tabbatar, da abin da aka yi iƙirari kawai. Mutane da yawa ba sa duba wannan bambancin, sai su haɗa duka su ce Rasha ta ci.

Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce a karɓi asarar kowa daga bakinsa. In DeepState ta mayar da ƙauye ja, to ya tafi. In Rybar da sauran masu rubutun Rasha suka fara ƙorafi cewa an kore su daga wuri, to an kore su ɗin. Abin da ya rage a tsakani, bar shi a toka-toka har kwana uku ko huɗu.

Gaskiya_Ɗaci

Duk farfaganda ce. Wannan na Amurka, wancan na Rasha. Ɓata lokaci ne kawai.

Malam_Taswira

Ɗan'uwa, kowa na yin farfaganda, wannan ba a musu. Amma gini ba ya ƙaura. In soja ya tsaya gaban wata makaranta ya ɗaga tuta, ana iya gano makarantar. Ga yadda ake yi: a tsayar da bidiyon a inda aka fi ganin fili, a nemi abubuwa uku da ba sa canzawa, misali siffar rufin gini, mahaɗar titi, hasumiyar ruwa, layin dogo, turakun wutar lantarki ko jerin bishiyoyin da ke raba gonaki. Sai a buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Earth a juya shi har kusurwar ta yi daidai da ta bidiyon. Abu ɗaya da ya yi kama bai isa ba, domin ƙauyukan Donbas kusan zubinsu ɗaya ne tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Sai uku sun haɗu a wuri ɗaya. Bayan wuri sai lokaci: bishiyoyi da ganye ko babu, akwai ƙanƙara a ƙasa ko taɓo, ina inuwa ta karkata. Akwai shafin SunCalc da ke nuna inda rana take a kowace sa'a a kowane wuri. Masu GeoConfirmed aikinsu ke nan, suna saka kowane bidiyo a kan taswira tare da hujjarsa, kowa na iya bibiya.

Hajiya_Bincike

Ƙari a kan na Malam: kafin ma a kai ga neman wuri, a tabbatar bidiyon na gaske ne. An sha yaɗa hotunan wasan kwamfuta na Arma 3 a matsayin yaƙin, har kamfanin da ya yi wasan ya fito a 2022 ya yi gargaɗi. Bidiyon matuƙin nan da aka ce shi kaɗai ya kakkaɓo jirage a samaniyar Kyiv a makon farko, daga wasan DCS aka ciro shi, kuma daga baya rundunar saman Yukren da kanta ta ce babu wannan mutumin. Alamomin na wasa: hoto dishi-dishi da gangan, kyamara na rawa fiye da kima, yawanci da dare, babu mutum da ke motsi kusa, hayaƙi na tashi iri ɗaya kowane karo. Ɗauki hoton allo ka saka a manhajar neman hoto, sau da yawa za ka tarar tsohon bidiyo ne na Siriya ko na bara.

Kaftin_Murabus

Ina so in gyara wani abu a maganar tuta. Gano inda aka ɗaga tuta yana tabbatar da abu ɗaya ne tak: mutum biyu ko uku sun taka wurin na minti biyar. Bai nuna sun riƙe shi ba. Akwai ma lokutan da jirgi maras matuƙi ne ke jefa tutar a kan rufi, babu ƙafar da ta taka. Ku dubi Kupiansk. A Nuwamban 2025 babban hafsan sojin Rasha Gerasimov ya sanar wa Putin cewa an kama garin, a Disamba sai ga Zelensky tsaye a gaban allon shiga garin yana ɗaukar kansa bidiyo. Kuma shi ma nasa bidiyon bai nuna cewa babu sojan Rasha a cikin gidajen garin ba.

Asalin matsalar, Malam Abba, ita ce kai kana neman layi, alhali layin babu shi. Ba kamar yaƙin duniya na ɗaya ba ne da rami ke miƙewa soja kafaɗa da kafaɗa. Yanzu ramuka ne ƙanana, kowanne mutum biyu zuwa huɗu, tsakaninsu mita ɗaruruwa, wani wurin har kilomita. Rasha na tura mutane bibbiyu ko uku-uku a ƙafa su ratsa ta tsakani, su ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a jefa musu ruwa da abinci ta sama, su jira har su taru. Saboda haka a unguwa ɗaya za ka samu ɗan Yukren a wannan gida, ɗan Rasha a bayansa. Mai taswira ya shafa wane launi? Abin da ya faru kusa da Dobropillia a Agustan 2025 ke nan, kwanaki kaɗan kafin taron Trump da Putin a Alaska: taswira ta nuna wani dogon yatsa ya kutsa fiye da kilomita 10, aka ce gaba ta karye, amma babu tanka ko igwa a bayansu, kuma da Yukren ta kawo ɗauki aka yanke yawancinsa.

Abba_Fagge

Allah ya ja zamanin Kaftin. To me ya hana su taru su dubu su shigo da tankoki ɗari a buge su a wuce?

Injiniya_Samaru

Saboda ana ganinsu tun ba su taru ba. Wannan ce amsar tambayarka ta biyu gaba ɗaya. Sama cike take da ido, wato jirage marasa matuƙa masu leƙen asiri. Na kusa DJI Mavic 3 ne, wanda ake ɗaukar hoton biki da shi, akwai mai kyamarar ganin zafin jiki don dare. Batirinsa a takarda minti arba'in da wani abu ne, a aikace bai kai haka ba in an cire tafiya da dawowa, don haka ake jera su: ɗaya na sauka wani na tashi. Na nesa masu fiffike ne, irin Orlan-10 da ZALA da Supercam na Rasha, da Leleka da Shark na Yukren, suna shiga kilomita goma-goma a bayan daga su yi sa'o'i. Da an hango motoci biyar a wuri ɗaya, cikin mintuna wuta ta sauka.

Mai dukan kuma shi ne FPV. Firam ne na inci 7 ko 10, moto huɗu, farfela huɗu, batirin lithium, ƙaramar kyamara, na'urar aika hoto da ta karɓar umarni. Matuƙi na sanye da tabarau yana ganin abin da jirgin ke gani. Akan ɗaura masa kan harsashin RPG, wanda aka ƙera don huda sulke. Kuɗinsa wajen dala 400 zuwa 500, tafiyarsa kilomita 5 zuwa 10 da farko, yanzu 20 ba abin mamaki ba ne. Tanka ta fi kauri a gaba, shi kuwa ta sama yake zuwa ko ta baya inda injin yake. Na farko ya tsayar da ita, ma'aikatan su gudu, sai wani jirgin ya zo ya jefa gurneti ta ƙofar da suka bari a buɗe.

Sani_Lantarki

Injiniya ya faɗi daidai, amma kada a ɗauka kowane FPV na kaiwa ga abin da aka nufa. Bidiyon nasara kaɗai ake sakawa. Abubuwan da ke kashe su a hanya suna da yawa. Na farko na'urar toshe sigina. Da fari hoto a zangon 5.8 GHz yake, umarni a 868 ko 915 MHz. Aka ƙera masu toshe waɗannan, sai matuƙa suka sauya eriya da na'ura suka koma wasu zangunan, wasu ƙasa wasu sama. Mota ta ɗauki na'urar toshewa mai zango huɗu, jirgin ya zo a na biyar, shi ke nan. Ƙara zango kuma ƙarin batir ne da zafi da nauyi, ga shi duk abin da ke fitar da sigina mai ƙarfi yana nuna inda yake. Na biyu, toshewar naka na kayar da jiragen naka, domin runduna kusa da runduna ba kullum suke sanar da juna ba. Na uku, sigina na bin miƙaƙƙiyar hanya ne, da jirgin ya yi ƙasa don duka sai tudu ko bishiya su shiga tsakani, hoto ya ɗauke a daƙiƙun ƙarshe. Shi ya sa bidiyo ke ƙarewa da yayyafin allo, kuma shi ya sa ake ɗaga wani jirgin sama ya zama mai miƙa sigina. In ba a nuna hoto na biyu daga wani jirgin da ke kallo ba, ba ka san ko ya samu ko ya faɗi a gefe ba.

Injiniya_Samaru

Wannan batun toshewar shi ya haifi mai zaren faiba. Babu rediyo sam. Ƙarƙashin jirgin akwai gwangwani mai ɗauke da nadin zaren gilashi, kaurinsa wajen rubu'in milimita, tsawonsa kilomita 10, 15, 20, har fiye. Jirgin ne ke warware zaren yana tafiya, ba daga ƙasa ake sakar masa ba, don haka zaren kwanciya yake yi a bayansa ba jan sa ake ba. Hoto tangaran har daƙiƙar ƙarshe, ba a toshe shi, na'urar gano sigina ba ta jin zuwansa, yana shiga cikin daji da rumbu da ƙarƙashin gada. Yana kuma iya sauka a bakin hanya ya kashe moto ya yi kwanton ɓauna har mota ta zo.

Rasha ce ta fara amfani da shi da yawa, a yankinta na Kursk bayan kutsen Yukren na 6 ga Agustan 2024, samfurin da ake ƙerawa a Veliky Novgorod. Kowa na tuna sojojin Rasha da suka bi ta cikin bututun iskar gas zuwa Sudzha a Maris 2025 saboda labarin ya yi daɗin ji, amma abin da ya fitar da Yukren daga can shi ne hanyar Yunakivka zuwa Sudzha da ta zama ba ta biyuwa.

Baffa_Damagaram

To shi ba shi da magani ke nan?

Sani_Lantarki

Yana da nasa aibun, Baffa. Nadin na cin kilo ɗaya da wani abu zuwa sama, gwargwadon tsawonsa, wannan nauyin daga bam ko batir ake rage shi. Jirgin ya fi nauyi, ba ya juyi da sauri. Zaren na tsinkewa in ya lanƙwashe da ƙarfi, ko mota ta taka, ko ya maƙale a waya, kuma da ya tsinke jirgin ya faɗi. In aka yi ta tashi daga wuri ɗaya, zarurrukan na taruwa su yi ƙyalli da hantsi, a bi su har ramin matuƙin. Maganin da ake yi yanzu na gargajiya ne: bindigar harbin tsuntsu a hannun wanda ke bayan mota, da raga da ake kafawa a kan turaku ta rufe hanya sama da gefe na kilomitoci, sai ƙananan na'urorin rada masu hango shi daga kusa.

Kaftin_Murabus

Ku haɗa wannan da tambayar Malam Abba. Kilomita 10 zuwa 20 a kowane ɓangare, duk abin da ya motsa ana farautarsa. Soja na tafiya da ƙafa kilomitoci masu yawa kafin ya isa raminsa, wani ya yi wata biyu ko uku ba a canje shi ba saboda shiga da fita ne suka fi kisa. Wanda ya ji rauni ba a iya ɗauko shi nan take. Ruwa da burodi ta sama ake jefawa, da manyan jiragen dare irin Vampire da sojojin Rasha ke kira Baba Yaga, ko kuma ƙaramar mota maras direba ta kai. A irin wannan yanayin wa zai tara tankoki ɗari?

Ɗan_Gwauro77

Ashe dai zamanin tanka ya wuce.

Kaftin_Murabus

Bai wuce ba, aikinta ne ya ragu. A Afrilun 2024 wajen Krasnohorivka aka fara ganin wadda aka lulluɓe da rumfar ƙarfe kamar kunkuru. An yi ta dariya, amma tana shanye FPV da yawa kafin ta tsaya, tana tura abin share nakiya a gaba, motocin sojoji na binta. Farashin da ta biya: bindigarta ba ta juyawa, direba ba ya gani sosai, injin na wahala da nauyi. Daga baya aka koma sanya wayoyin ƙarfe tsaye kamar ƙayar bushiya. A ɗaya gefen kuma babur: ba shi da kariya ko kaɗan, amma yana ratsa fili cikin mintuna, kuma babura goma a warwatse na buƙatar jirage goma. Kar kuma a manta da nakiya. Harin Yukren na bazarar 2023 a Zaporizhzhia, da tankokin Leopard 2 da motocin sulke na Bradley, a filayen nakiya ya maƙale tun kafin FPV ya yi yawan da yake da shi yau.

Yakubu_Sabongari

Kun cika zancen ƙananan jirage kun bar babban abin. Abin da ya karya Avdiivka bam ne mai fiffike. Tsohon bam ne na zamanin Sobiyet, FAB-250, FAB-500, FAB-1500, har FAB-3000, lambar nauyinsa ne a kilo. Sai a ɗaura masa wani kit mai suna UMPK: fikafikai masu buɗewa bayan an sake shi, da na'urar bin tauraron ɗan'adam. Jirgin yaƙi Su-34 ya hau sama sosai ya sake shi daga kilomita 60 zuwa 70 ya juya gida, bai shiga inda makaman kakkaɓo jirage na kusa za su same shi ba. FAB-500 na ɗauke da abin fashewa kusan kilo 200, harsashin igwa na 155 kuwa duk nauyinsa kilo arba'in da 'yan kai ne, abin fashewar cikinsa bai wuce kilo goma da kaɗan ba. Ginin bene da zai jure igwa wata guda, bam biyu sun rushe shi. Ba ya da zafin injin da za a bi, kuma yana isowa cikin 'yan mintuna. Maganinsa biyu: a harbo jirgin da ke ɗauke da shi, wanda ke nufin matso da Patriot, makamin kakkaɓo jirage na Amurka, kusa da daga, an yi hakan a farkon 2024 an samu nasara, an kuma rasa motocin harbawa a Maris na shekarar. Ko a rikita masa siginar tauraro ya sauka nesa da inda aka nufa. Rasha ta amsa da eriyar Kometa, tana ta ƙara mata ƙwayoyi daga 4 zuwa 8 zuwa 12.

Sani_Lantarki

Kometa ɗin nan ita ce a cikin Shahed ma, jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da bam da Rasha ke harbawa garuruwan Yukren. Yawan ƙwayoyin ne ke nuna masu toshewa nawa za ta iya kauce wa a lokaci guda, kusan adadin ƙwayoyin a cire ɗaya. Wannan rikita siginar ya taɓa makaman Amurka su ma: harsashin Excalibur ya daina samun abin da aka nufa har aka rage amfani da shi, rokokin HIMARS ma sun ji jiki, duk da suna da na'urar lissafin tafiya ta ciki da ke rage ɓatan.

Hajiya_Bincike

Tunda an zo kan Shahed, a kula da alƙaluman da ake fitarwa kowace safiya. Rundunar saman Yukren ce kaɗai ke ba da su, babu mai tantancewa daga waje. Sannan adadin da aka ce Rasha ta turo ya haɗa da Gerbera, na bogi da aka yi da soso da falanki don a ɓata harsashi a kansa. Daren 7 ga Satumban 2025 an ce 810, ba dukansu ke ɗauke da bam ba. Na gaskiyar, Shahed-136 na Iran wanda Rasha ke kira Geran-2, injinsa ƙarami ne mai ƙarar babur, gudunsa wajen kilomita 180 a sa'a, kansa kilo 50, akwai na 90. Da yana tafiya ƙasa-ƙasa, motocin a-kori-kura masu mashinga da fitila na harbo shi, Gepard na Jamus mai baki biyu na milimita 35 ma ya yi aiki sosai. Sai aka koma tashi sama da kilomita biyu, inda mashinga ba ta kaiwa, a taru a kan gari a sulalo tare. Ba za ka harba makamin Patriot na dala miliyan 4 a kan abin dubun-dubatar daloli ba, shi ya sa aka koma ƙera ƙananan jiragen tarewa irin Sting, na dala dubu biyu da wani abu.

Uwar_Marayu

Wannan ya shafe mu kai tsaye fa. Masana'antar da ke haɗa Shahed ɗin tana Alabuga a yankin Tatarstan na Rasha, kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito a Oktoban 2024 cewa an ɗebi 'yan mata daga Afirka, har da Najeriya, ta wani shiri mai suna Alabuga Start, da sunan karatu da aiki, suka tsinci kansu a haɗa waɗannan jiragen. Yukren ta sha kai wa wurin hari. Duk wanda ya ga tallar a waya ya ja kunnen 'yan uwansa.

Baffa_Damagaram

Allah ya tsare. Ni tambayata kan Bayraktar TB2 ce, jirgin nan maras matuƙi na Turkiyya. A 2022 har waƙa aka yi masa a Yukren, Nijar ma a shekarar ta karɓi nata, Mali da Burkina da Najeriya duk suna da shi. Yanzu shiru. Kayan banza muka saya?

Injiniya_Samaru

A'a Baffa, fage ne ya bambanta. TB2 fiffikensa mita 12, gudunsa na yau da kullum wajen kilomita 130 a sa'a, rada na ganinsa sarai. A makonnin farko motocin Rasha sun jeru a hanya ba a kunna kariyar sama yadda ya kamata ba, ya yi ɓarna. Da makaman kakkaɓo jirage irin Buk da Pantsir da Tor suka zauna da gindinsu, sai aka janye shi zuwa leƙen asiri daga nesa. A Sahel 'yan bindiga ba su da irin waɗannan makaman, kuma yana iya yin fiye da sa'a 24 a sama, don haka yana da amfani. Matsalarmu ba kakkaɓo shi ba ce, tantance wanda ake gani a allo ce. Tudun Biri, 3 ga Disamban 2023, taron Mauludi ne jirgin soja maras matuƙi ya ɗauka taron 'yan bindiga, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 suka mutu.

Ɗan_Gadarif

A Sudan ma abin ya iso. A Mayun 2025 rundunar RSF da ke yaƙar sojojin gwamnati ta yi kwanaki tana dukan Port Sudan da jirage marasa matuƙa, rumbunan mai da filin jirgi, garin da ake ganin ya yi nisa da yaƙin. Kafin nan an daki tashar wutar Merowe, garuruwa suka shiga duhu. Sai dai a can babu DeepState babu masu tantance bidiyo da yawa, ga intanet na yankewa, bin labarin ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Gaskiya_Ɗaci

Kun tafi Sudan. Ku gaya mana wa ya fi asara, in kun isa.

Hajiya_Bincike

Adadin da ma'aikatun tsaron biyu ke bayarwa game da abokin gaba, ajiye shi gefe. Na kayan yaƙi a duba Oryx: ba sa lissafa komai sai da hoto ko bidiyo, kowace tanka da mahaɗin hotonta, an raba wadda ta ƙone, wadda ta lalace, wadda aka bari, wadda aka kama. Lissafin nasu mafi ƙaranci ne, ba jimilla ba, kuma ɓangaren da ya fi saka bidiyo zai fi nuna asarar abokin gabansa. Na mutane, Mediazona da BBC sashen Rashanci na tara sunayen sojojin Rasha ɗaya bayan ɗaya daga sanarwar mutuwa da maƙabartu, UALosses na yin haka ga na Yukren. Su ma suna baya da watanni, kuma waɗanda suka ɓace ba sa shiga da wuri.

Misalin yadda iƙirari da tabbaci ke rabuwa: harin da Yukren ta kai filayen jiragen yaƙin Rasha ranar 1 ga Yunin 2025, ƙananan jirage marasa matuƙa 117 da aka ɓoye a rufin ɗakunan katako a kan manyan motoci, aka daki filayen Belaya a Irkutsk da Olenya a Murmansk. Hukumar tsaron Yukren, SBU, ta ce an daki jiragen Rasha 41. Jami'an Amurka suka gaya wa Reuters kusan 20 aka taɓa, kusan 10 suka ƙone, hotunan tauraro ma kusa da haka suka nuna. Goman ma ba ƙaramin abu ba ne, tunda an daina ƙera manyan jiragen jefa bam irin Tu-95 da Tu-22M3.

Malam_Taswira

Mu koma ga Malam Abba. In kana so ka riga taswira sanin abin da zai faru, daina kallon ƙauyen da ake ta jayayya a kai, kalli hanyoyin da ke shiga garin. Buɗe DeepState, akwai abin awo a ciki. Ƙirga hanyoyin kwalta nawa ke kai kaya garin, ka auna nisan kowace daga jan launi mafi kusa. Ƙasa da kilomita 15 zuwa 20, hanyar na cikin hannun FPV ko da taswira ta nuna ta shuɗiya. In duk hanyoyin suka shiga wannan tazarar, garin na cikin matsala ko babu sojan Rasha ko ɗaya a cikinsa. Haka aka yi a Vuhledar a Oktoban 2024: ta gefe biyu aka bi, ba ta gaba ba. Sai ka kunna taswirar tudu da kwari, domin mai tudu eriyarsa ta fi nisa. Sai koguna: Oskil, Siverskyi Donets, Dnipro, duk gadar wucin gadi da aka shimfiɗa ana ganinta a ranar.

Kaftin_Murabus

A ƙara da hasashen yanayi, Malam. Hazo, iska mai ƙarfi da ruwa mai daskarewa a farfela na saukar da ƙananan jirage ƙasa, sanyi kuma na cinye batir. A hazon Nuwamban 2025 ne aka ga bidiyon sojojin Rasha na shiga Pokrovsk a babura da tsofaffin motoci da rana tsaka. Ganyen bishiya daga Mayu zuwa Oktoba na ɓoye mai tafiya a ƙafa, lokacin ne kutse ke yawa. Taɓon kaka da na bazara na tilasta mota bin kwalta.

Yakubu_Sabongari

Ban yarda hanya kaɗai ce ma'auni ba. Chasiv Yar da Toretsk sun yi fiye da shekara ana gwabzawa a cikinsu duk da hanyoyin na shan wuta. Gari mai benaye da ɗakunan ƙasa na siminti na iya rayuwa da abin da ake jefowa ta sama. Yawan sojan ƙasa da Yukren ke da shi a wurin ya fi komai, kuma wannan ba ya fitowa a kowace taswira.

Abba_Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: ana ta ambaton hoton tauraro, wanda ba shi da kuɗin sayen na kamfanoni fa?

Malam_Taswira

Akwai na kyauta guda biyu. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, ta Copernicus Browser: kowane ɗigo mita 10 ne, yana dawowa wuri kusan duk kwana biyar. Ba za ka ga tanka ba, amma za ka ga sabon rami da aka haƙa, gonar da igwa ta yi wa rugu-rugu, rumbun mai da ya ƙone, musamman in ka jera hoton makon jiya da na yau. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gajimare kan rufe yawancin hotunan. Na biyu FIRMS na NASA, mai nuna inda wuta ke ci, ɗigonsa mita 375, kuma yana fitowa cikin sa'o'i. Yana da kyau wajen tabbatar da harin matatar mai ko ma'ajiyar makamai. A kula da abu biyu: matata na da bututun da ke ƙona iskar gas kullum, don haka duba ko jan ɗigon na nan tun makon jiya, sannan bayan girbi manoman yankin na ƙona karan gona, taswirar kan cika da ja a wuraren da ko harsashi ɗaya bai sauka ba.